Tambaya da Amsa: Shin Kayan Ɗaki na Kwali Za Su Yi wa Ɗan Haya Rana a Abuja?

Wasiƙun da suka iso wannan shafi a makonnin baya-bayan nan sun fi karkata ga batu guda, wato gadaje da tebura da kantocin da ake haɗawa da kwali, waɗanda hotunansu suka fara yawo a wayoyin jama'a. Yawancin masu tambayar 'yan haya ne a Abuja da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma dalilinsu a fili yake, domin mutumin da ba shi da tabbacin gidan da zai kwana baɗi ba ya kallon ƙaton sif ɗin katako yadda mai gidan kansa yake kallonsa. Mun zaɓi biyar daga cikin wasiƙun, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnati ne. Tun da aka kawo ni Abuja nake tashi daga wannan gida zuwa wancan, daga Nyanya zuwa Lugbe, yanzu kuma ina Kubwa, kuma kowane tashi ƙarin kuɗin haya ne ke jawo shi. A tashin ƙarshe sif ɗina ya tsage a matakalar bene, ƙafar gado ta karye a cikin mota, ga kuɗin a-kori-kura da na 'yan dako. Wani abokin aikina ya nuna mini hoton gadon kwali da aka ce yana ɗaukar babban mutum. Shin gaskiya ne, ko dabarar masu talla ce?
Daga wani ma'aikaci, Kubwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma abin ya daɗe. Dalilin da ya sa mutane ke shakka shi ne sun saba da kwalin taliya ko na sabulu da ake murƙushewa da hannu ɗaya, alhali ƙarfin kwali ya danganta ne da yadda aka tsayar da shi da kuma yawan ninkinsa. Idan ka yaga gefen kwali ka duba, za ka ga wata takarda mai lanƙwashe-lanƙwashe a tsakiya, an manne ta tsakanin shimfiɗaɗɗun takardu biyu, ta yadda ta samar da dogayen ramuka sirara a jere. Idan nauyi ya sauka a kan kwalin yana kwance, ramukan sukan lotsa nan da nan. Amma idan aka tsayar da shi ta yadda nauyin zai bi tsawon ramukan, sai kowane rami ya zama ginshiƙi. Duk wanda ya tashi a karkara ya ga irin wannan a jikin karan dawa, wanda yaro ke karya guda ɗaya a gwiwarsa, amma damin da aka ɗaure tamau aka tsayar sai ƙato ya hau kansa bai ko rankwafa ba.

Masu haɗa kayan ɗaki ba sa amfani da kwalin kanti mai ninki ɗaya. Suna amfani da mai ninki biyu ko uku, irin wanda ake zubo injuna a ciki, ko bututun takarda mai kauri irin wanda ake naɗe kafet da leda a jikinsa, ko kuma allon da aka cika cikinsa da takarda mai siffar saƙar zuma. Wannan na ƙarshen mai yiwuwa akwai shi a gidan da kake ciki yanzu, domin da yawa daga cikin ƙofofin ɗaki marasa nauyi, idan aka fasa su, takarda ce za a tarar tsakanin sirarran fallayen katako biyu. Kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ma haka yake cika cikin wasu teburansa da kantocinsa.

An fara yi wa takarda mai lanƙwasa rajista a Ingila a 1856, a lokacin kuwa dogayen huluna ake yi wa shafi da ita, sai a 1871 wani Ba'amurke mai suna Albert Jones ya yi mata rajistar naɗe kwalabe da sauran kayan da ke fashewa. A 1972 mai zanen gine-gine Frank Gehry ya fitar da kujerar da ya haɗa da fallayen kwali masu yawa da aka manne wuri guda, kuma har yau kamfanin Vitra yana ƙera ta yana sayarwa da tsada. Hujjar da ta fi kusa da tambayarka ita ce gasar Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021, inda aka tanadar wa 'yan wasa gadajen kwali 18,000 na kamfanin Airweave, aka kuma bayyana cewa kowanne yana ɗaukar kilo 200. 'Yan wasan sun yi ta tsalle a kansu don su gwada, kuma da aka zo gasar Faris a 2024 irin waɗannan gadaje aka sake tanada. Wanda ya fi kowa kai takarda nesa shi ne mai zanen gine-gine Shigeru Ban na Japan, wanda bayan girgizar ƙasar da ta afka wa birnin Kobe a 1995 ya gina wa waɗanda suka rasa matsuguni ɗakuna da bututun takarda, ya ɗora su a kan akwatunan kwalabe na roba da aka danne da buhunan yashi, daga baya kuma ya yi wa 'yan gudun hijira rumfuna a Ruwanda da irin bututun.

Saboda haka ɗaukar nauyi ba shi ne abin da zai dame ka ba. Abin da ya kamata ka tsaya a kansa shi ne wane kaya ne ya dace a yi da kwali. A ganina gindin gado, da kantar littattafai ko ta takalma, da ƙaramin teburin gefen gado, da akwatunan ajiye tufafi, duk sun dace, domin a wuri guda suke tsaye kuma nauyin da ke kansu daga sama yake sauka. Kujerar falo kuwa ba na ba ka shawarar ta, saboda ana jan ta a ƙasa, ana jingina da ita ta baya, gumi da shayi suna zuba a kanta, kuma gefunanta ne za su fara lalacewa. Ka kuma sani cewa kwali yana gajiya idan nauyi ya daɗe a kansa. Masu masana'antar kwali sukan ƙiyasta cewa akwatin da aka bari ƙarƙashin kaya na tsawon watanni ba ya riƙe fiye da kusan rabin abin da ya riƙe a ranar gwaji, don haka duk adadin da mai sayarwa ya faɗa maka, ka raba shi biyu ka yi aiki da rabin. Ka saye shi da niyyar ya kai ka ƙarshen hayar gida ɗaya ko biyu, kada ka sa ran 'ya'yanka za su gaje shi.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Muna haya a ɗakin ƙasa a Lokogoma, kuma da damina bango yana tsattsafo da ruwa har tufafi su yi fumfuna. Ga gara, ga kyankyasai, ga yara ƙanana. Maigidana yana son ya sayo kantar kwali da teburin karatun yara, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa, Lokogoma.

AMSA: Hajiya, kina da gaskiya da hankalinki bai kwanta ba, kuma a ɗakin da kika siffanta amsata ita ce kada a saya. Zan yi bayanin dalili, domin maigida ya gane cewa ba ƙin sabon abu ne ya sa ba.

Takarda daga zaren itace aka yi ta, kuma wannan zare yana shan laima daga iska ko da ɗigon ruwa bai taɓa shi ba. Gwaje-gwajen masana'antar kwali sun nuna cewa idan laimar iska ta tashi daga kashi 50 zuwa kashi 90 cikin 100, kwali yana rasa kusan rabin ƙarfinsa. A Abuja damina tana kamawa ne daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma a watannin Agusta da Satumba ɗakin ƙasa marar wadatar iska yakan kwana ya wuni cikin laima. Kantar da ta tsaya ƙyam a lokacin hunturu tana iya fara rankwafawa a tsakiyar damina ba tare da kowa ya zuba mata ruwa ba. Wannan ne ya sa Shigeru Ban da na ambata a sama bai ajiye bututunsa a kan ƙasa ba, kuma ya shafe su da abin da ke hana ruwa shiga. Wanda ke zaune a ɗaki busasshe, musamman a saman bene, zai iya bin wannan hanya: ya ɗora kayan a kan ƙafafun roba ko guntayen katako don kada ruwan goge ƙasa ya taɓa su, ya bar tazarar taƙi guda tsakaninsu da bango, ya liƙe duk bakin da aka yanka da takarda mai gam, ya shafa fenti ko banish sau biyu, sannan ya shimfiɗa ledar tebur ko siririn filawud a saman. Amma duk wannan kariya ce daga fantsamar ruwa kawai. Idan ruwa ya shigo ɗaki ya kwanta, kamar yadda aka sha gani a wasu sassan Lokogoma da Lugbe, cikin ɗan lokaci kayan za su jiƙe su zube, kuma ba a gyara su.

Maganar gara ta fi haka tsanani, domin kwali abincinta ne mai sauƙin ci, har ma masu yaƙi da ita sukan yi amfani da jiƙaƙƙen kwali a matsayin tarko don su gane ko tana cikin gida. Gam ɗin da ake manne fallayen kwali da shi yawanci sitaci ne na masara ko na rogo, kuma shi ke jawo kyankyasai, su ci su kuma ɓoye ƙwansu a cikin ramukan. Kuɗin cizo ma a irin waɗannan ramuka yake samun maɓoya, shi ya sa ban yarda kowa ya sayi gadon kwali na hannu ba, komai arharsa. Shafa ruwan sinadarin boras yana rage ƙwari yana kuma rage saurin kama wuta, amma dole a adana sinadarin nesa da yara. Fa'ida ɗaya da kwali ke da ita a nan ita ce rashin nauyi, domin mace ita kaɗai za ta iya ɗaga shi ta share ƙarƙashinsa duk mako, abin da ba ya yiwuwa da sif ɗin da sai an kira maza huɗu.

Akwai kuma abin da ba ki tambaya ba, wanda ya fi damuna a gidajenmu, wato wuta. Kaskon turaren wuta, da maganin sauro na kunnawa, da kyandir idan an ɗauke lantarki, da dutsen guga, da risho, duk abubuwa ne da muke ajiyewa a kan abin da ya fi kusa da hannu. Iskar da ke cikin ramukan kwali tana sa wuta ta bi shi da sauri fiye da katako. Garwashi guda da ya faɗo daga kasko ya isa. Gidan da ake turare safe da yamma, in har za a shigo da kwali, to sai a ware masa kusurwar da wuta ba ta zuwa ko kusa.

Ga yara kuwa, teburin kwali ba shi da ƙusa ko kaifin baki da zai ji musu ciwo, amma doguwar kanta marar nauyi tana saurin kifewa idan yaro ya kama ta zai hau. A yanzu ku saya musu teburin roba, ku sayi kantar ƙarfe ko ta roba. Idan Allah ya sa kun koma ɗaki busasshe, sai a sake duba maganar.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, an turo ni hidimar ƙasa a Bwari, kuma ɗakin da aka ba ni babu komai a ciki sai katifar da na zo da ita. Alawus ɗin naira 77,000 ba zai saya mini gado da tebur ba, kuma bayan shekara zan koma gida. Na ga ana sayar da gadon kwali a ƙasashen waje. In yi odarsa, ko akwai yadda zan haɗa da kaina?
Daga wani mai yi wa ƙasa hidima, Bwari.

AMSA: Ɗana, kada ka yi oda. Kwali ba shi da nauyi amma yana da cin wuri, kuma masu jigilar kaya sukan caji mutum ne bisa girman ƙunshi idan girman ya rinjayi nauyin. Idan ka haɗa wannan da canjin dala da kuɗin kwastan, kafin gadon ya iso Bwari ya fi na kafinta tsada. Kai ne ainihin mutumin da wannan dabara ta dace da shi, domin zamanka na shekara guda ne, kuma kayan aikin suna nan kusa da kai.

Ka je wurin masu sayar da firji da injin wanki da talabijin da janareta, a kasuwar Wuse ko a nan Bwari, ka nemi manyan kwalayen da suka cire, masu ninki biyu, busassu, masu tsabta. Ka guji duk wanda aka zubo abinci ko mai ko maganin feshi a cikinsa. Za ka buƙaci wuƙa mai kaifi, da tef na awo, da miƙaƙƙen ƙarfe ko katako na jan layi, da farin gam irin na kafintoci. Ka yanka kwalayen dogaye-dogaye, tsayin kowanne daga ƙasa ya kai kamar santimita 25, kana lura da cewa ramukan suna tsaye ne daga sama zuwa ƙasa. Wasu su yi tsawon katifar, wasu su yi faɗinta. Ka manne biyu-biyu ko uku-uku, ka danne su da abu mai nauyi su kwana su bushe. Daga nan sai ka tsaga kowanne zuwa rabin tsayinsa a duk bayan kamar santimita 20, dogayen daga sama, gajerun daga ƙasa, ka sarƙa su cikin juna su zama gidaje-gidaje masu kusurwa huɗu. A samansu ka shimfiɗa falle biyu na kwali, ramukan ɗaya su gitta na ɗayan, ko siririn filawud idan aljihu ya yarda, sannan katifa. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne awo, domin idan wani yanki ya ɗara sauran tsayi ko da kaɗan ne, shi kaɗai zai ɗauki nauyinka, ya lotse, sannan na kusa da shi ya biyo baya. Ka riƙa ɗaga katifar kana shanya ta lokaci-lokaci, saboda gumin mai barci ƙasa yake sauka. Ranar tafiya ka zare su ɗaya-ɗaya, ka ɗaure da igiya, ko dai ka jefa a bayan tasi ko ka bar wa wanda zai gaje ka.

Domin tebur da kujerar tsugunne akwai wata hanya da aka raya a nan nahiyarmu. Tun shekaru da dama da suka wuce wani malami mai suna Bevill Packer ya koyar da mutane a Zimbabuwe yadda ake manne fallayen tsohon kwali da kunun fulawa, a lulluɓe su da takarda ninki bisa ninki, a shanya a rana har su yi tauri. Da wannan hanya ake yin kujeru da teburan makaranta, kuma ma'aikatan lafiya a ƙasashen Afirka da dama suna amfani da ita wajen yi wa yaran da lalurar ƙwaƙwalwa ta hana su zama ko tsayuwa da kansu kujerun da suka yi daidai da jikinsu. Aikin rani ne, domin idan bai bushe sarai ba fulawar za ta yi tsami ta jawo ƙwari, kuma bayan ya bushe sai an shafe shi da banish. Ina kuma jan hankalinka a kan takardar da za ka lulluɓa: tsofaffin jaridu da littattafan makaranta sukan ƙunshi ayoyin Alƙur'ani da sunan Allah, kuma bai dace a yi abin zama ko na taka ƙafa da su ba. Ka nemi takarda mai ruwan ƙasa marar rubutu, wadda ma ta fi ta jarida ƙarfi.

TAMBAYA: Malam, ina gaisuwa. Zan aurar da 'yata ga wani jami'in soja da ke aiki a nan Abuja, amma an ce bayan biki ba da jimawa ba za a mayar da shi Jos, kuma irin aikinsu ba a daɗewa wuri guda. Mahaifiyarta ta kawo mini lissafin kayan ɗaki mai nauyi ƙwarai. Ba zai fi ba in saya mata irin waɗannan na kwali?
Daga wani uba, Gwarimpa.

AMSA: Alhaji, Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya. Ban goyi bayan a yi wa amarya jere da kwali ba. Kayan ɗaki mallakinta ne, kadara ce da za ta iya ɗagawa ta sayar ranar da buƙata ta taso, kwali kuwa ba shi da kasuwa idan ya zama na hannu. Sannan ka san yadda ganin ɗaki yake a wurinmu, kuma ba daidai ba ne a jefa yarinya cikin bakin dangin miji a makonta na farko saboda shawarar da ba ita ta yanke ba. Ga shi kuma Jos gari ne mai tsananin sanyi a Disamba da Janairu, lokacin da gidaje da yawa ke shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki.

Sai dai damuwarka tana kan hanya. Sif mai ƙofa shida, da dibaida, da ƙaton madubi, da kujeru saiti biyu, idan suka bi hanyar Keffi da Akwanga suka hau tudun Filato a bayan babbar mota, da wuya su sauka yadda suka hau. Shawarata ita ce ku zauna da Hajiya ku rage yawa ku ƙara inganci: gado na katakon gaske wanda ake kwancewa da noti, sif da aka yi shi gida biyu ko uku kowanne mai zaman kansa, da kujeru saiti ɗaya marasa girma. Abin da ya rage na kuɗin a saya mata zinariya ko keken ɗinki ko fili, waɗanda canjin wurin aiki ba ya karya su. Kwali kuwa ta iya amfani da shi daga baya a ɗakin ajiya, wurin takalma da kayan yara.

TAMBAYA: Malam, ni kafinta ne a Kugbo. Ana cewa kayan kwali sun fi kare muhalli, wai mu masu katako mu ne muke cinye daji. Shin haka ne? Kuma idan abin ya karɓu, ba zai kashe mana sana'a ba?
Daga wani kafinta, Kugbo.

AMSA: Ɗan'uwa, maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a faɗe ta duka ba. Takarda ma daga itace take, kuma sarrafa ta yana cin ruwa da makamashi mai yawa. Fifikon kwali shi ne yawancinsa daga tsohuwar takarda ake sake yin sa, kuma masana'antu sun daɗe suna ƙiyasta cewa zaren takarda yana jure sake sarrafawa sau 5 zuwa 7 kafin ya gajarce. Yana ruɓewa a ƙasa, kuma ɗaukarsa ba ya cin man mota. Amma wannan fifiko yana da sharuɗɗa. Kwalin da aka lulluɓe da leda ko aka yi wa fenti mai kauri don kare shi daga daminarmu ya yi wuyar sake sarrafawa, kuma ko wanda ba a shafa wa komai ba sai ya isa hannun mai sarrafawa kafin a ce an amfana. A Abuja 'yan bola-jari ne ke wannan aiki, su tattara kwalaye, a auna a kilo, a kai wa masu yin kiret ɗin ƙwai da sababbin kwalaye. Wanda ruwa ya jiƙa a bola kuwa sai dai ya ƙare a jujin Gosa ko a cinna masa wuta. Don haka gadon kwalin da aka ɗauko daga wata nahiya aka yar bayan shekara, ban ga ta inda ya fi gadon maɗacin da uwa ta kwana a kai shekara talatin ta bar wa 'yarta ba.

Abin da ya fi cancantar zargi a wurina shi ne allon garin katako da aka matse, irin MDF mai arha, wanda kai ka fi ni sanin halinsa: yana kumbura idan ya sha ruwa, ba ya riƙe sukuru a ɗauri na biyu, gam ɗin da ke cikinsa yana hana a sake sarrafa shi cikin sauƙi, kuma hayaƙinsa idan an ƙona yana da illa. Mai yiwuwa irinsa ne ya tsage wa mai tambaya ta farko a matakala. Game da daji kuwa, faɗaɗa gonaki da itacen girki da gawayi sun fi kayan ɗaki cin bishiyoyi, ga kuma fitar da gungume waje. Madobiya da aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa ƙasar Sin ta kai ga yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wato CITES, ta sanya ta cikin jerinta daga 2017, ta kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Kada kuma a manta cewa manyan masana'antun takarda uku da gwamnati ta kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun durƙushe, har ƙasar ta dogara da takardar waje, yayin da malainar da aka dasa domin ciyar da irin waɗannan masana'antu ta koma katakon da kuke saya a Dei-Dei.

Sana'arku ba za ta mutu saboda kwali ba, domin laima da gara da wuta sun taƙaita inda zai iya shiga. Amma wasiƙun da ke sama suna nuna muku kasuwar da ba ku kula da ita sosai ba. Kakanninmu sun yi gadon kara da na gwangwala da adudu, makiyaya kuma har yau suna kwance gadonsu su ɗora wa takarkari idan za su tashi, saboda haka kayan ɗaki marasa nauyi ba baƙi ba ne a wurinmu. Garin da aka mayar da shi babban birnin tarayya a 1991, wanda yawancin ma'aikatansa ke haya a Kubwa da Karu da Mararaba da Suleja, yana buƙatar kafintan da zai yi wa mai tashi aiki. Ka fara yin gado da tebur da ake haɗawa da noti maimakon ƙusa da gam, ka yi amfani da malaina da gora inda ba a buƙatar katako mai nauyi, ka gwada firam da ƙafafun katako tare da aljihunan kwali mai ninki uku waɗanda za a iya sauyawa idan sun lalace. Ka sanya wa kowane yanki lamba, ka ba mai saye takardar da ke nuna yadda ake haɗawa, ka kuma gaya masa cewa ranar tashi zai iya kiranka ka kwance ka sake ɗaurawa a kan kuɗi kaɗan. Sif kuwa ka yi shi gida-gida, faɗin kowanne kada ya wuce santimita 80, ta yadda mutum biyu za su iya juyawa da shi a kwanar matakala, kuma kafin ka yanka katako ka je ka auna ƙofa da matakalar gidan da za a kai shi.